Wane suna za mu ba "filibuster" na zamanin yaƙin Teksas?

Jama'a, a taya ni neman kalma. Ina rubutu kan yaƙin ɓallewar Teksas daga Meksiko, 1835 zuwa 1836, kalmar filibuster kuwa ta zame mini ƙarfen ƙafa. Ba ta majalisar dattawan Amurka nake nufi ba, inda sanata ke jan surutu don kada a kaɗa ƙuri'a. Tsohuwar ma'anar nake bi: mutumin da ya saɓi bindiga don raɗin kansa, ya tsallaka iyaka, ya faɗa yaƙi a ƙasar da gwamnatinsa ba ta gaba da ita. Daga Sifaniyanci Amurkawa suka aro ta, asalinta kuma sunan da mutanen Holan ke yi wa mai kwasar ganima ne.

Ku fara ganin mutanen tukuna. An yi harbin farko a garin Gonzales na Teksas ranar 2 ga Oktoba 1835. Ranar 13 ga wata jama'a suka cika ginin Banks Arcade a birnin New Orleans na Amurka, aka buɗe gidauniya, aka shiga rubuta sunan masu tafiya. Wani ɗan kasuwa, Adolphus Sterne, ya ce bindigogin mutum 50 na farko suna wuyansa. Daga taron nan ƙungiya biyu suka tashi cikin tufafi ruwan toka, su ne New Orleans Greys. A Courtland ta jihar Alabama likita Jack Shackelford ya tara samarin gari, har da ɗan cikinsa, mata suka zauna suka ɗinka musu jajayen tufafi. Mutanen birnin Cincinnati na Amurka kuwa karo-karo suka yi suka samo igwa biyu, suka tura su da sunan "ƙarfe mai rami", sunan da 'yan kasuwarsu ke yi wa tukwane. Ba su yi ƙarya ba, igwa ma rami gare ta. Da su aka yi wa rundunar shugaban Meksiko Santa Anna ruwan wuta a San Jacinto ranar 21 ga Afrilu 1836.

Dalilin wannan rufa-rufa shi ne dokar Amurka ta 1818, wadda ta hana a shirya hari daga cikin ƙasar a kan wata ƙasa da ake zaman lafiya da ita. Sai masu tafiyar suka riƙa cewa su masu ƙaura ne, wurin zama za su nema. Gwamnatin shugaban Amurka Andrew Jackson ta kau da kai.

Allah ya gafarta Malam, na ga ka ce 'yan sa-kai. Ita ke fara zuwa bakin kowa, su ma da irinta suke kiran kansu. Sai dai ka ambaci 'yan sa-kai yau a Zamfara ko Katsina, mai sauraro 'yan gari zai hango, waɗanda suka tashi da harba-ka-ruga don tsare ƙauyensu. Ɗan sa-kai a ƙofar gidansa yake. Wannan kuwa ya baro gidansa lafiya ƙalau a Alabama, ya tafi neman faɗa a ƙasar wasu.

Hajiya ta kawo sojan haya. Ta fi kusa, amma haya sai da mai biya, gwamnatin riƙo ta Teksas kuwa aljihunta a bushe yake. Tura Stephen Austin da William Wharton da Branch Archer ta yi Amurka neman agaji. A Janairu 1836 suka ƙulla rance biyu a New Orleans, dala 250,000 a takarda, abin da ya shigo hannu bai kama ƙafar haka ba, masu kuɗin kuma suka riƙe damar karɓar fili a madadin kuɗinsu, kowace eka a kan rabin dala. Shi ma mayaƙin da fili aka jawo shi: eka 320 ga wanda ya yi wata uku. Filin da ba a riga an ƙwace daga hannun Meksiko ba. Sojan haya na gaske ba ya yarda da biyan "sai an ci".

Ƙanena, ka ce to sojan gona ke nan, tunda da gona za a biya su. Ka ba ni dariya. Amma sojan gona a bakinmu na bogi ne, waɗannan kuwa da gaske suka mutu.

Masu cewa 'yan fashin teku, ku sani hukuncin Meksiko kuke maimaitawa. Ranar 30 ga Disamba 1835 ministan yaƙi José María Tornel ya fitar da doka cewa duk baƙon da aka kama da makami a ƙasar, a matsayin ɗan fashin teku za a ɗauke shi. Ba barazana ba ce kawai. A Goliad, ranar 27 ga Maris 1836, aka fito da fursunoni fiye da 300 aka harbe, galibinsu irin baƙin nan. Ɗan Shackelford na cikinsu. Shi uban an bar shi da rai don ya yi jinyar sojojin Meksiko da suka ji rauni. In muka ɗauki wannan suna, mun shiga layin Santa Anna. In muka ce 'yan gwagwarmayar 'yanci kuma, mun shiga ɗaya layin, mun manta Meksiko ta soke bauta a 1829, tsarin mulkin Teksas na 1836 kuwa ɗaure mata gindi ya yi. 'Yan tawaye ta dace da mazauna ƙasar, su Austin da Juan Seguín. Baƙon jiya ba shi da shugaban da zai yi wa tawaye a can.

Ga inda na tsaya: mayaƙan ci-rani. Tilo, mayaƙin ci-rani. Aikin, ci-ranin yaƙi.

Ɗan ci-rani ba wanda ya aike shi. Da ƙafarsa yake barin gida, ƙasar wasu yake shiga, nema ya kai shi, ba kuma wanda ya lamunce masa zai samu. Ga shi su da kansu rigar masu ƙaura suka sa don su wuce doka. Kalmar ba ta yabo, ba ta zagi, ta bar wa mai karatu ya yanke.

Yaya, gaskiyarki, ɗan ci-rani na asali da ya ga hadari ya haɗo sai gida, waɗannan kuwa da yawansu zama suka je yi. Amma kafafen labarai sun daɗe da faɗaɗa kalmar, har masu ratsa Agadez zuwa Libiya da Turai 'yan ci-rani ake ce musu, alhali ba damina suke jira ba. Cikin mayaƙan ma akwai waɗanda suka cika wata ukunsu, suka sayar wa dillalai takardar filin, suka koma.

Na gwada ta a kan Ba'amurke William Walker, wanda ya shiga Nikaragwa da 'yan tsirarun mutane a 1855, ya zama shugaban ƙasa a 1856, aka harbe shi a Honduras a 1860. "Madugun mayaƙan ci-rani" ta zauna masa daram. Kada dai a liƙa wa su Wagner, kamfanin mayaƙan nan na Rasha. Su akwai kwangila, akwai albashi, akwai gwamnati a bayansu, sojan haya ta ishe su.