Shin wanda bai cika RDA ba, wato adadin sinadarin abinci da ake ba da shawarar ci a rana, yana da ƙarancin sinadarin?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da 'yan'uwa a kan wani abu da ya ɗaure mini kai a darasin abinci mai gina jiki. A jadawalin da aka ba mu, kowane sinadari yana da lambobi daban-daban, wato EAR, RDA, AI da UL. Na duba sinadarin ayon, wato na ƙarfe, na ga a ƙarƙashin RDA an rubuta miligiram 18 a rana ga mace mai shekara 19 zuwa 50, amma da na lissafa abincina na kwana uku sai na ga ban wuce 13 ba. Shin wannan yana nufin ina da ƙarancinsa? Kuma me ya hana a tsayar da lamba guda?

Malamin Kimiyyar Abinci:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A'a, lissafin nan kaɗai bai isa a ce kina da ƙaranci ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina lambobin. A Amurka aka fara fitar da RDA a shekarar 1941, sannan daga 1997 masanan Amurka da Kanada suka faɗaɗa tsarin, domin sun ga lamba guda ba ta amsa duk tambayoyin da ake yi mata.

Tushen duka shi ne EAR, wato adadin da yake wadatar da rabin masu lafiya na rukuni guda, masu jinsi ɗaya da shekaru kusan ɗaya. Da za a ba kowa wannan adadi, rabin mutanen ba za su samu abin da ya ishe su ba, shi ya sa ake ɗora ƙari a kansa har ya wadatar da kashi 97 zuwa 98 cikin ɗari, kuma wannan shi ne RDA. A rukuninki EAR na ayon bai wuce miligiram 8 da ɗan kai ba, alhali RDA 18 ne, kuma tazarar ta yi faɗi haka ne saboda jinin da mata suke zubarwa lokacin al'ada ya bambanta ƙwarai daga mace zuwa mace. Saboda haka an ɗaga RDA da gangan, ya zarce bukatar mafi yawan mutane.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai ina so ƙanwata ta kula da abu biyu. Kwana uku sun yi kaɗan, domin ana auna waɗannan lambobi ne a kan abin da mutum ya saba ci tsawon lokaci. Sannan jiki ya fi tsotsar ayon na nama a kan na tsirrai, bitamin C yana taimaka masa, shan shayi tare da abinci kuwa yana rage shi. Idan kina yawan jin kasala ko jiri, gwajin jini ne zai raba gardama. Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen ƙwayoyin ƙarin jini ba tare da gwaji ba. Amfanin UL ke nan, wato iyakar da ba a so a wuce a kullum, kuma ga manya miligiram 45 ne, sai fa in likita ne ya rubuta fiye da haka don magani. Mai juna biyu kuwa RDA ɗinta 27 ne.

Ɗalibar Jinya:
Na gode, Allah ya ƙara basira. To AI fa, Malam? Kuma haka ake yi wa kuzarin da abinci yake ba jiki, wato kalori?

Malamin Kimiyyar Abinci:
Ana amfani da AI ne idan hujjojin bincike ba su kai a tsayar da EAR ba, sai a duba abin da masu lafiya suke ci a ɗauke shi ma'auni, kamar yadda aka yi wa bitamin K, da kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida, waɗanda aka gina nasu a kan nonon uwa. Kuzari kuwa ba a ɗora masa ƙari, ana barinsa a matsakaicin bukata gwargwadon shekaru, jinsi, tsawo, nauyi da motsa jiki, domin da za a ɗaga shi kamar RDA, rarar za ta taru ta zama ƙiba a jikin mafi yawan waɗanda suka bi shawarar.