Ciwon wuya da kafaɗa ya hana ni sakat a wurin aiki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina shigar da bayanai ne a laftof, daga safe har yamma ina duƙe a kanta. Wata uku ke nan wuyana da kafaɗar dama suna riƙewa, da la'asar ko waiwaye sai na juyo da dukkan jikina. Yanzu kuma babban yatsa da manuniya suna macewa cikin dare, kamar ana tsira min allura, sai na yarfa hannun. Kullum ina shan ibuprofen. Kujera zan sauya ne?

Wani ɗan'uwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Kafin ki ɗora wa kujera laifi, dubi laftof ɗin. Allonta da kibod a haɗe suke: in hannu ya ji daɗi, wuya ya sunkuya. Ki ɗora ta kan tarin littattafai har saman allon ya zo daidai idonki, nisansa kamar tsawon hannunki, santimita 50 zuwa 70. Sai ki nemi kibod da mawus na daban, ki ajiye su dab da jiki, kada ki riƙa miƙa hannu. Gwiwar hannu a lanƙwashe kusa da haƙarƙari, kafaɗa a sake, tafin ƙafa a ƙasa. Ni tawul na naɗe na tokare ƙuguna da shi, ban sayi komai ba.

Wata 'yar'uwa: Kuma ki riƙa tashi. Duk rabin awa ki miƙe ko da minti 2 ne. Ni ruwa nake sha da yawa, dole ma ya tashe ni!

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, ni zancen yatsun nan ne ya tsaya min. Akwai jijiyar da ke ratsa wata 'yar kafa a wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe. In ta matse, haka take yi, musamman da dare. Daga wuya ma yana iya tasowa, shi ya sa sai an duba. Ki ga likita, kada ki jira sai kofi ya fara suɓuce miki. Shan ibuprofen kullum kuwa yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Anti. Wallahi jiya ma cokali ya faɗi daga hannuna, na ɗauka gajiya ce. Gobe da safe asibiti na nufa, in sha Allah.