Giyar Camry ta kwanta, bakanike ya ce a haɗa biyu a fitar da ɗaya

Abban Walida, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin giyar otomatik ku taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Camry ce fensir, ƙirar 1999, ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado ƙannena suka ce a sayar a raba kuɗin, na ce a'a, a yi mata kuɗi a cire a kasona, don a cikinta na koyi tuƙi. Aka ɗan kai ruwa rana, har yau akwai ƙanen da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shekara shida ke nan tana hannuna. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa aiki Bukuru, ranar Asabar kuma in ɗan kwashi fasinja zuwa Bauchi in dawo, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ba ya ganin tsakiyar wata.

Tun hunturun bara ta fara. Da asuba in na sa ta a D sai ta yi jim kamar mai tunani, sai ta ɗumama sannan ta kama. Na ce sanyin Jos ne, mu ma da ƙyar muke tashi. Daga baya in za ta shiga giya ta uku sai inji ya yi ta kuka mota ba ta ja, ribas kuma sai na danna totur sosai. Yau sati uku tana gareji a Farin Gada.

Mijin yayata yana da Camry Orobo, ƙirar da ta gabaci fensir, da ta yi hatsari a Hawan Kibo, Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Kesin ɗin giyarta ya tsage amma an ce cikin lafiya lau. Ya ce in ɗauka kyauta. Bakanikena ya ce a kwashe kayan cikinta a zuba a tawa, kuɗin aiki da na mai kawai zan biya. Uwargida kuwa ta ce in rabu da motar kowa ya huta. Shin wannan haɗin zai yi?

Direban Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, kada ka wahalar da kanka. Ka shiga kasuwar Dilimi ka ɗauki Beljiyam, wato tsohuwar giya da aka shigo da ita daga waje, a ba ka kwanakin gwaji, a ɗaura. Giyar da aka buɗe ta buɗu ke nan.

Injiniyan Apo:
Ƙanena, ka ba mu labarin gado kaf amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Fulogi nawa ne injinka, nawa ne na Orobon? In duka huɗu ne, wato 5S-FE mai lita 2.2, to giyarsu A140E ce, 'yan gida ɗaya ne. In Orobon mai fulogi shida ce, giyarta A540E ce ko A541E, ka manta da zancen. Wace shekara ce Orobon? Daga 1992 zuwa 1996 aka yi ta, kuma ko lambar giya ta zo ɗaya, Toyota takan sauya ƙananan abubuwa a tsakani.

Abin da ka bayyana, zamewa a ta uku tare da raunin ribas, kulocin da ake kira C2 ne, don shi ne giyoyin biyu suke tarayya a kansa. Jinkirin safe kuwa robobin fistin ne suka tsufa suka ƙandare, ba sa riƙe ƙarfin mai sai sun ji ɗumi. To ka ga inda gizo ke saƙar? Robar da ke cikin Orobo ta girmi taka. Ƙarfe ake ɗauka daga wata giya: dorom, shaf, haƙora, famfo in bai ci ba. Roba da gasket da faifan kuloci sababbi ake saye. Duk wanda ya ce maka kuɗin aiki da mai kawai, bai san aikin ba.

Abban Walida, Rikkos:
Na gode ranka ya daɗe. Duka fulogi huɗu ne. Shekarar Orobon zan tambaya. Amma maganar bai san aiki ba, gaskiya ban yarda ba. Tare muka tashi, masallaci ɗaya muke salla, shekara ashirin yana wannan sana'a. Ya ce faifan Orobon har rubutun jikinsu bai goge ba.

Injiniyan Apo:
Shekara ashirin yana gyaran me?

Abban Walida, Rikkos:
Yawanci motocin haya ne, su Sharon da J5. Amma yana taɓa otomatik.

Injiniyan Apo:
Yana taɓawa. To madalla.

Baban Iman, Gangare:
Ni dai mai cewa a je Dilimi nake so in yi wa magana. Bara na sayi wai Beljiyam a wani shago, an wanke ta da fetur tana ƙyalli. Kwana tara ta yi. Na koma, mai shago ya ce gwajin sati ɗaya ne, kuma ai bakanikena ya kwance kwanon ƙasa don haka ba ruwansa. Ashe a nan garin aka cire ta daga wata motar, ko warin teku ba ta taɓa ji ba. Har wajen shugabannin kasuwa muka je, aka ce in yi haƙuri. Haƙurin nake ci har yau, a Keke Napep nake zuwa shago. Gara wadda ka san asalinta, ko ba komai ka san mai ita.

Direban Bauchi Road:
Alhaji, kai ne ka tafi kai kaɗai. Ana zuwa da ɗan gari. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Baban Iman, Gangare:
A Gangare aka yanke cibiyata, wane ɗan gari kuma zan nema?

Maman Sultan:
Ɗan'uwa, ka saurari matarka. Maigidana haka ya yi ta zuba kuɗi a wata tsohuwar Honda, yau giya gobe inji, har kuɗin adashina ya shiga, ƙarshe 'yan gwangwan suka auna ta. Mota ba ita ce mahaifinka ba, addu'a yake buƙata.

Abban Walida, Rikkos:
Hajiya na ji, amma in na sayar da ita a kwance nawa za a ba ni? Kuma me kuɗin zai saya a kasuwar yau? Ga ƙannena, sai su ce ai dama mun faɗa.

Injiniyan Apo:
A bar zancen sayarwa, aikin mai yiwuwa ne in an bi ƙa'ida. Ka karanta wa abokin naka wannan.

Kwanbata, wannan tulun da ke tsakanin inji da giya, kada a mayar da taka yadda take. Duk garin kulocin da ya ƙone yana cikinta, kuma a rufe take da walda, jijjiga ta da fetur ba ya fitar da shi. Haka bututun da ke sanyaya man giya a ƙasan lagireto, a wanke shi sosai ko a canja, in ba haka ba dattin jiya zai koma cikin sabon aiki a sati guda. Sababbin faifai a jiƙa su cikin man giya aƙalla minti 15 kafin a jera. Bayan an jera a auna ratar da ta rage da ma'auni, ba da ido ba, sannan a hura iska a ji ko fistin yana motsi ba ya yoyo. Haƙoran difarenshal a ƙirga na nan da na can, kuma kada a aurar da babban haƙorin wannan da ƙaramin waccan, tare suka ci juna, in an raba su kuka za ka yi ta ji.

Balbodi kuwa, wato ƙwaƙwalwar da ke rarraba mai, a bar taka a wanke ta kawai. Akwai 'yan ƙwallaye a ciki ƙanana kamar ƙwayar dawa, kowace da raminta. Ɗaya ta ɓata ko ta sauya gurbi, giya ta haukace.

In an zo ɗaurawa, kwanbata ta zauna cikin famfo har ƙarshe kafin a ja kusoshi, in an matse ta da ƙarfi famfon ya tafi. Wayar da ta taso daga totur zuwa giya a saita ta daidai, ita ke ƙara ƙarfin mai in ka taka, in ta saki kulocin zai sake ƙonewa. Mai Dexron III ne. Kuma wannan giyar, difarenshal ɗinta ɗakinsa daban, mansa daban. Na sha ganin an cika ta wajen sandar awo an bar shi a bushe.

Oga Rewaya, Katako:
Injiniya ka yi bayani, amma ka yi saurin yanke hukunci. Ko an sa mata kwamfuta? Giyar nan tana da silinoyid uku, wato bawul masu aiki da lantarki, biyu na canjin giya, ɗaya na kulle kwanbata. Na ga motoci da yawa da aka sauke musu giya a banza, ashe waya ce ɓera ya ci.

Injiniyan Apo:
Silinoyid ba ya kashe ribas a wannan giyar, malam. Ribas da ƙarfin mai take shiga kai tsaye. Ka tsaya a wayarka.

Oga Rewaya, Katako:
Ku dai mutanen Abuja komai sai an canja sabo, don masu kuɗin gwamnati kuke yi wa aiki. Nan talaka ke kawo mota.

Ɗan Terminus:
Ku mayar da ita manuwal kawai. Da hawa da gangaren garin nan ma ta fi, kuma in batir ya mutu yara su tura.

Injiniyan Apo:
Sai ya nemo fedar kuloci, filawil, sandar giya da wayoyinta, a yi ta fama da birenbos, wato kwamfutar motar. Kuɗin ya fi na Beljiyam. Ƙanena, wani abu bai zauna mini ba. Ka ce zamewa take yi, amma tana tafiya. Yaya aka yi ta kwanta gaba ɗaya? Kuma wane launi man yake?

Abban Walida, Rikkos:
Man ya yi baƙi, yana warin ƙauri. Ban taɓa canja shi ba, don an ce mini in aka juye man tsohuwar giya mutuwa take yi, ƙari kawai nake yi. Ranar da ta tsaya, muna dawowa daga Bauchi ne da fasinja biyar da buhunan masara biyu, ta yi zafi bayan Tilden Fulani. Wani mai tifa ya taimaka ya ja mu da igiya har gareji.

Injiniyan Apo:
Inna lillahi. Da tayoyin gaba a ƙasa, inji a kashe?

Abban Walida, Rikkos:
E, amma na sa ta a N. Dare ya yi, ga mata a mota, me zan yi? Janwe a wannan hanyar nawa kake tsammani?

Injiniyan Apo:
Inji ne ke juya famfon mai. Inji a kashe, babu mai zagayawa, haƙora da bushin suna ta gudu a bushe duk tsawon hanyar. Da wannan ya kamata ka fara, ba da rabon gado ba. Yanzu ba C2 kaɗai ake zargi ba. Kada a taɓa komai sai an baje kowace giya a kan teburinta daban, an duba ɗaya bayan ɗaya.

Direban Bauchi Road:
Na faɗa tun farko. Dilimi.

Baban Iman, Gangare:
Allah ya isa tsakanina da mai shagon nan.

Abban Walida, Rikkos:
Jama'a na gode ƙwarai, duk na karanta. Gaskiyar magana tun shekaranjiya aka kwance su duka biyun, na ba shi rabin kuɗin aiki, ba zan iya cewa ya tsaya ba, da wane ido zan kalle shi a sahu? Na je ɗazu bayan la'asar, kayan suna cikin daro ɗaya yara na wankewa, ya ce ya san na kowace. Na nuna masa saƙon Injiniya, ya yi dariya ya ce aikin takarda daban, na hannu daban. Ya dai yarda a sayi gasket sabo, faifan kuwa na Orobo zai sa. Balbodin ma ya buɗe duka biyun don ya zaɓi mai kyau.

Tambayata yanzu, da aka tsiyaye fetur ɗin wankin an ga 'yar ƙwallo ɗaya a gindin daron. Ya ce ta Orobo ce, ba a buƙatarta. Injiniya, akwai yadda za a gane ta wacce ce?

Ɗan Terminus:
Malam, lagireton Orobon nan yana nan? In bai fashe ba ina so.