Filash mai araha na ɗaukar hoto a cikin ruwa: wa ya taɓa gwadawa?

Mai hoto daga Bebeji:
Assalamu alaikum. Masu kiwon kifi a wajenmu sun fara neman a ɗauki kifinsu yana cikin ruwa don talla a Facebook. Ina da kyamarar Olympus TG-6, wadda ke nutsewa har mita 15 ba sai an sa ta a gidan da ke kare kyamara daga ruwa ba. Amma da na kunna filash ɗinta, sai hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige kamar an watsa gari. Ina neman filash na waje wanda bai fi ƙarfina ba. Wanda ya gwada ya taimaka.

Ɗan bakin dam, Tiga:
Wa alaikumus salam. Malam, ba ƙarfin haske ne ya yi maka kaɗan ba, wurin zamansa ne. Filash ɗin jikin kyamara yana dab da idonta, duk laka da dattin da ke yawo tsakaninka da kifin su yake fara haskawa, su maido maka da hasken. Ka nemi mai hannu, wanda za ka iya nisanta shi gefe ka ɗan karkatar da shi waje, gefen hasken kawai ya taɓa kifin. Ni da na yi haka na ga ɓawon jikin karfasa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin hannun da farantin da ake ɗaura shi ka sa su a lissafi tun farko, kada filash ya cinye duka. Sannan ka matsa kusa sosai, don ko mai tsada ne haskensa ba ya wuce mita ɗaya zuwa biyu a ruwa. A Tiga kuwa da damina ko hannunka ba ka gani, sai ka jira rani ruwa ya kwanta.

Mai hoto daga Haɗejiya:
Gaskiya ya faɗa. Abin da zan ƙara shi ne batir. Mu da ba mu da tabbacin wuta, mai cin ƙananan batura AA ya fi mana. Nawa Inon S-2000 ne, guda 4 yake ci, ina cajinsu da sola. Sea & Sea YS-01 ma haka. Shi kuwa filash ɗin YS-03, kyamararka ce ke auna masa haske, ba a saita shi da hannu, ni kuma a ruwanmu mai dagulewa na fi son in rage da kaina. Kada ka manta da siririyar igiyar faiba da ke ɗaukar ƙyallin filash ɗin kyamara ta tayar da na waje; ka tambayi mai sayarwa abin da zai riƙe ta a jikin TG-6.

Mai kiwon tarwaɗa, Kura:
Yayana, ni kyamarar GoPro gare ni, ba ta da filash, fitilar bidiyo nake ɗaura mata. A tankin siminti ta wadatar, idan na sauya ruwa da safe kafin in zuba abinci.

Mai gyaran kyamara, Kazaure:
Don Allah kada wanda ya ɗaure filash ɗin biki a leda ya shiga ruwa da shi. Akwai wutar da take taruwa a cikinsa wajen volt 300.
Idan filash ɗin da wani ya taɓa amfani da shi za ka saya, ka buɗe wurin batir ka haska da tocila. Tsatsa ko farin gishiri-gishiri alamar ruwa ya taɓa shiga ne, ka bar shi komai sauƙinsa. An kawo mini wani da ya mutu saboda ƙwayar yashi guda a kan zoben robar murfinsa. Da hunturu ka riƙa buɗe shi a ɗaki, ka goge zoben, ka ɗan shafa man silikon, sannan ka tsoma shi a bokiti ka ga ko kumfa zai fito.

Mai hoto daga Bebeji:
Allah ya saka da alheri. Malam na Haɗejiya, filash ɗaya ya ishe ka, ko sai biyu?

Mai hoto daga Haɗejiya:
Ɗaya nake da shi. Ka ɗora shi sama da kyamara ta gefen hagu, inuwa za ta faɗi ƙarƙashin kifin.