Me za mu kira "chronic pain" da Hausa?

Ina koyar da ɗaliban aikin jinya, kuma wannan kalma ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya.

Makon jiya a ɗakin mata, ɗalibata ta tambayi wata baiwar Allah abin da ke damunta. Ta ce, "Sanyi ne 'yata, marata ke murɗawa." Yarinya ta rubuta sanyi ta wuce gado na gaba. Na koma na ce, "Hajiya, tun yaushe?" Ta ce tun kafin ta yaye autarta, shekara huɗu ke nan, maganin sanyi kuwa ta sha har ta gaji. Ɗalibar ta san kalmar a littafi, amma ba ta da ita a harshen da take magana da majinyata.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ware wa irin wannan ciwo gurbinsa: wanda ya haura wata 3 bai tafi ba, ko yana tafiya yana dawowa. Cikin cututtukan da ke kawo irin wannan ciwo, endometiriyosis kaɗai, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, tana shafar kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa. Da yawansu "ki daure, in kin haihu zai daina" suke ji.

Wata ungozoma ta ba ni "daɗaɗɗen ciwo". Bai kwanta min ba, don ciwon sukari ma daɗaɗɗe ne. Wani ya ce "raɗaɗi mai tsanani", sai dai tsanani daban, daɗewa daban. Wani ciwon ƙasa-ƙasa yake, amma ya hana mace barci da sunkuyon wanki shekara da shekaru. Raɗaɗi da zogi da suka da murɗa gara a bar su wajen tambayar yadda ciwon yake yi.

Ni dai na tsaya a kan "ciwo mai naci". Mai naci ka kore shi ya dawo, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane. Na gwada a kan Hajiyar, ta ce, "Wallahi shi ne."

'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, in kuna da wadda ta fi, ku kawo kafin darasin Litinin.