Me za mu kira "laser scan" a wasannin tseren mota?

Direban Kujera:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta bayani da Hausa kan wasannin tseren mota na kwamfuta irin su iRacing da Assetto Corsa, waɗanda ake bugawa da sitiyari da totur da birki a cikin ɗaki. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini: laser scan. Kamfanonin kan yi tinƙaho da cewa hanyar kaza an yi mata shi, 'yan wasa kuma sukan raina wadda ba a yi wa ba.

Ga yadda aikin yake ga wanda bai sani ba. Ma'aikata kan je filin tseren na gaske da wata na'ura, su kafa ta a kan ƙafa uku ko su ɗaura ta a kan mota. Na'urar tana harba hasken leza ta kowace fuska, hasken ya bugi kwalta ko katanga ko bishiya ya dawo, ita kuma ta lissafa nisan wurin. Kowane bugu ɗigo ɗaya ne, kuma an san inda yake ta tsawo da faɗi da bisa. Idan ɗigon ya taru miliyoyi, sai surar filin ta fito a kwamfuta, a kanta ake shimfiɗa hanyar da za a tuƙa a wasan. Ni dai "ɗaukar hoto da leza" na rubuta, amma bai kwanta mini ba.

Mai Shagon Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, me zai sa ka wahalar da kanka? Sikanin. Kullum ana zuwa mini da takarda a ce a yi mata sikanin, ba wanda ya taɓa tambayar ma'anarsa.

Ɗan Damagaram:
To ai nan gizo ke saƙar. Ka ce wa mutum an yi wa hanya sikanin, asibiti zai tuno ko takardar makaranta. Duka biyun hoto suke fitarwa a duba da ido. Kuma mu nan Nijar ba haka muke furta kalmar ba, tunda ta bakin Faransanci ta zo mana. A nemo abin da Kano da Damagaram za su ji daidai.

Tsohon Safiyo:
Ɗana, abin da ka kwatanta aikinmu ne, kayan aikin ne kawai suka canja. Ba hoto ba ne, ka cire wannan kalmar tun yanzu. Hoto yana nuna maka yadda wuri yake a ido, amma ba ya faɗa maka cewa gefen hagu na kwalta ya fi na dama tudu da 'yan santimita. Mu da muka yi aikin hanya mun san wannan ɗan bambancin ne yake sa ruwa ya kwanta ko ya wuce. Ka rubuta "safiyon leza" ka huta.

Direban Kujera:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo ainihin wurin. Bari in kawo misali don a ga dalilin da ya sa maganar hoto ba ta isa ba.

Filin Sebring da ke jihar Florida a Amurka tsohon sansanin jiragen soja ne na Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tun 1952 ake tseren awa 12 a can. Har yau wani sashe na hanyar tsohon kankaren filin jirgin ne, mai gaɓa-gaɓa, mota tana tafe tana tsalle. A hoto shimfiɗaɗɗen wuri za ka gani. Wanda ya zana Sebring daga hoto zai samar da hanya sumul, wadda ba Sebring ba ce ko kaɗan. Amma idan an bi ta da leza, kowace gaɓa tana shiga wasan, sitiyarin da ke hannunka ya girgiza a daidai inda na direban gaske ke girgiza.

Haka hanyar Nordschleife ta filin Nürburgring a Jamus, wadda aka buɗe a 1927. Tsawonta kilomita 20.8, tana hawa da gangara cikin daji, tsakanin wurin da ya fi tudu da wanda ya fi kwari akwai kusan mita 300. Tana da wata kwana mai suna Karussell, inda ɓangaren ciki kankare ne a karkace, direba ya jefa motarsa ciki kamar kwata. Ko yaya aka kuskure wannan karkata, duk atisayen da mutum ya yi a wasan ya tashi a banza ranar da ya je can. Assetto Corsa ya fitar da tasa a 2015, kuma da maganar leza aka tallata ta.

Sai dai Baba, ina ɗan jin nauyin "safiyo". A kunnen yaran yanzu, maganar fili ce da shaida da takardar mallaka.

Tsohon Safiyo:
Yaran yanzu ai ba su san komai ba sai rigimar fuloti. Amma na ji, kuna da hujja.

Malamar Hausa:
Sannunku da ƙoƙari. Baba ya yi gaskiya a kan ma'ana, kalmar ce kawai ta aro alhali muna da tamu. Me safiyo yake yi? Awo. Me na'urar nan take yi? Awo, sau miliyoyi. Tela ma ba ya yanka yadi da hoton mutum, sai ya sa tef ya auna. Ina ba da shawarar "awon leza".

Abin da ya sa na fi son ta shi ne tana juyuwa yadda ake so ba tare da an tilasta ta ba. An auna hanyar da leza. Za su je su auno filin tseren Suzuka na Japan. Wannan aunanniya ce, waccan ba aunanniya ba ce. Ku gwada yin haka da sikanin ku ji yadda harshe zai harɗe.

Mai Shagon Kwamfuta:
Malama, da girmamawa, ina da ja. Awon ciki, ciki ake aunawa. Awon fili, fili ake aunawa. To awon leza ba lezar ake aunawa ba ke nan? Ga shi kuma wani zai ji kamar an ce reza.

Malamar Hausa:
Tambaya mai kyau, amma ba kullum abin da ya biyo baya ne ake yi wa aikin ba. Ɗinkin keke ba keke aka ɗinka ba, ɗinkin hannu ba hannu aka ɗinka ba, haka yankan wuƙa. Hausa tana jingina aiki ga kayan da aka yi shi da su. Inda matsalarka za ta taso da gaske shi ne da mun ce "awon haske", domin wannan kam mai karatu zai ɗauka ƙarfin fitila ake aunawa. Shi ya sa na bar leza a wurinta. A farkon rubutu a faɗe ta cikakkiya, awon hanya da hasken leza, daga baya a taƙaita. Maganar reza kuwa, wanda ya zo karanta labarin tseren mota ba aski ya zo yi ba.

Ɗan Damagaram:
Awo kam namu ne duka. Na sa hannu.

Direban Kujera:
Bari in gwada ta a kan labari na gaske mu ji ko za ta ɗauki kaya. Filin North Wilkesboro a jihar North Carolina ta Amurka, hukumar tseren mota ta NASCAR ta bar shi bayan 1996, ciyawa ta cinye kwaltar. A Disambar 2019 shahararren direban NASCAR Dale Earnhardt Jr. ya tara mutane suka share ciyawar don iRacing ya samu ya auna hanyar da leza kafin ta ƙarasa lalacewa. Aunanniyar hanyar ta shiga wasan a 2020, mutane suka sake ɗokin wurin, a 2023 kuma NASCAR ta kai tseren fitattun direbobinta mai suna All-Star can. Akwai ma inda abin ya juya: titunan Chicago an yi musu awon leza, aka fara tsere a kansu a cikin kwamfuta a 2021, motocin gaske ba su yi tsere a kansu ba sai a Yulin 2023.

Wallahi ta zauna, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Awon leza zan rubuta. Na gode Malama, na gode Baba.

Malamar Hausa:
Madalla. Amma ka kula da kalmar simulation, wadda Turawa ke kiran irin waɗannan wasanni da ita, kafin ka buga. Na ga wasu suna rubuta "wasan kwaikwayon tsere", mai karatu kuwa dirama zai zata. Ka ce wasan tseren kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin gaske, ko da ya yi tsawo, har mu samo gajera.

Tsohon Safiyo:
Wancan tarin ɗigon kuma da Turawa ke kira point cloud, kada wani ya kawo mana gajimare a ciki. Ka riga ka yi maganar ɗigon da ya taru a rubutunka na farko, ka bar shi tarin ɗigo.