Yaya za a ce "No Signal" da Hausa? Ana naɗar shiri ranar Alhamis

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Ina rubuta shirin rediyo kan gyaran kwamfutar tebur, Alhamis za a naɗa. Inda na maƙale shi ne rubutun nan da monita ke nunawa, No Signal, alhali kwamfuta na kunne, fanka na juyawa. Na sa "babu sigina", amma mai saurare zai zaci sabis ɗin waya nake nufi. Ku taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. A fara da ma'anar. Monitar da ta iya rubuta wannan, wuta ta shige ta, fitilar cikinta na aiki. Hoto ne bai zo mata daga kwamfuta ba, shi ya sa bayan 'yan daƙiƙu take duhu, ƙaramar fitilarta ta koma ruwan goro. Ka ce "hoto bai iso ba".

Maman Sadiƙ: Na goyi baya, don kalmar da kanta tana nuna inda za a duba: hanya. A danna maɓallin Source na jikin monita a ga ko tana jiran HDMI ne alhali VGA aka jona (nau'o'in wayar da ke kai hoto daga kwamfuta zuwa monita ke nan). Sai a zare wayar a leƙa bakinta. VGA mai shuɗin kai allurai 15 gare ta a layi uku, ɗaya ta lanƙwashe sai launi ya lalace ko hoto ya ɓace gaba ɗaya. A ɗaure kusoshin nan biyu na gefe. Kuma in akwai katin hoto (graphics card, wanda ake ƙarawa a kwamfuta don fitar da hoto), a jikinsa ake jona waya, can ƙasa, ba a kafar da ke sama kusa da na USB ba. Ana yawan yin wannan kuskuren.

Malam Na Zaure: Monita, sigina, sabis, kati. Ina Hausar take a nan? Ya kamata a ce "babu ishara", monita kuwa "madubin na'ura". In gidan rediyo bai tsare harshe ba, wa zai tsare?

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ishara ai daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin Bahaushe tana nufin nuni ko gargaɗi. Ka ce wa yaro "babu ishara", ba zai kai hannu ga waya ba. Madubi kuma abin da ke gabansa yake nunawa.

Malam Na Zaure: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Da aka ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa" haka kuka yi ta ƙorafi, ga shi yau ana jin ta a labarai. Raina namu ne kawai, kowa so yake a ce ya iya Turanci.

Ɗan Maraɗi: Malam, a wajenmu "ekran" ake cewa, rubutun ma sau da yawa da Faransanci yake fitowa. "Monita" baƙuwa ce a kunnenmu, "madubin na'ura" ma haka. Amma "allon kwamfuta" kowa zai gane, "hoto bai iso ba" ma haka.

Malam Na Zaure: Allo dai namu ne tun daga makarantar allo. Wannan ban ƙi ba.

Maman Sadiƙ: Mu koma kan aiki, don Allah. Baban Hanifa, ka raba shi da ɗaya rubutun da monita kan nuna, Out of Range. Can hoto ya iso, sai dai ya fi ƙarfin allon, maganinsa a rage girman hoton ko a mayar da saurin sabunta shi 60 Hz, wato sau 60 a daƙiƙa. In aka ba su suna ɗaya, za a sa mutane sayen sabuwar wayar monita a banza.

Injiniya: Haka ne. Kuma in an canza waya, an gwada wani allon, shiru, to hoton ne ba ya fitowa tun daga tushe. A kashe, a zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. A buɗe akwatin kwamfutar, a cire RAM, wato sandar ma'ajiyar wucin gadi, a goge haƙoranta masu ruwan zinare da robar goge fensir, a hure ƙurar da ke ramin, musamman bayan hunturu, a mayar har maƙallan gefe su ce ƙas. In guda biyu ne a gwada ɗai-ɗai. Ya ƙi, a cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, a jira minti biyar a mayar. Mai laftof kuwa ya danna Windows da P ya zaɓi allo na biyu. A ja kunnen masu sayen adafta: wadda ke kai HDMI zuwa VGA ba ta aiki a juye.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Zan faɗi No Signal sau ɗaya, tunda shi za su gani da idonsu, daga nan sai "hoto bai iso allo ba". Ɗayan kuma "hoto ya fi ƙarfin allo". Katin hoto zan bar shi haka.

Malam Na Zaure: Jimla ce kuka kawo, ba kalma ba, har yanzu sigina ba ta da suna. A yi amfani da ita don Alhamis ta matso, amma ban janye ishara ba. Kuma "hoto" ɗin ma a bincika asalinsa.